Da'ira Ta Biyu

Mahaifinta ne Dogo ya fara gani, kafin ya ga ita kanta.

Yana zaune da hantsi a ofishinsu na kamfanin kai saƙo, gaban babban allon kwamfuta inda taswirar gari take shimfiɗe, babura suna yawo a kanta kamar ƙananan ɗigo. Aikinsa ke nan. Shi ke zana wa kowane mai babur iyakar unguwar da zai yi aiki a ciki, kuma da zarar mutum ya tsallake layin, sai waya ta yi ƙara, Dogo ya kira shi ya ji dalili.

Sai ga wani dattijo ya shigo da silifas na wanka da rigar zaman gida. Ya wuce mai gadi kamar shi ne mai wurin, ya tsaya a teburin da ake tara kwalaye, ya fara jera su, manya gefe, ƙanana gefe.

"Baba, sannunku da zuwa. Wa kuke nema?"

"Kun makara yau," in ji dattijon, bai ko ɗago ba. "Motar safe za ta tashi, ba ku ware komai ba."

Dogo ya tuna cewa ginin nan tsohon gidan waya ne kafin kamfaninsu ya kama shi haya.  Ya jawo kujera, ya haɗa wa dattijon shayi, yana gyara masa wuyan riga sai ya ga an ɗinka wani ɗan ƙyalle a ciki, an rubuta lambar waya da baƙin zare. Ya kira.

Ba a jima ba ta iso, numfashinta sama-sama, farin alli a hannun rigarta, igiyar takalminta ɗaya ta tsinke. Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa gaban dattijon ta riƙe hannunsa.

"Abba, an tashi daga aiki. Mu je gida, Umma tana jiranku."

Babu faɗa a muryar, babu ƙosawa. Dogo ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, har ya manta da wayar da ke ta ƙara a teburinsa.

"Na gode ƙwarai," ta ce da ta miƙe. "Ko sunanka ban tambaya ba."

"Dogo ake ce mini."

Ta ɗaga kai ta dubi tsayinsa tun daga sama har ƙasa. "Ai kuwa ba su yi maka sharri ba."

"Ke fa?"

"Auta. Ɗalibaina ma sun ji a bakin Umma, yanzu duk makaranta Malama Auta ake cewa."

Ta gaya masa ba wannan ne karon farko ba. Ciwon mantuwa ya kama Abba tun bara. Wani lokaci lafiya lau, har ya yi musu hira da barkwanci, wani lokaci kuma ya buɗe ƙofa ya kama hanyar aikin da ya bari tuntuni. Ita tana aji, Umma ga ciwon gwiwa, yayanta kuma yana can da nasa iyalin.

Dogo ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mata.

"Kin ga wannan layin? In mai babur ya tsallake shi, nan take nake sani. Abin da nake yi wa babura, zan iya yi wa Abba. Ƙaramar waya za a sa masa a aljihu, a zana da'ira kewaye da gidanku. In ya fita daga cikinta, wayarki za ta yi ƙara."

Ta daɗe tana kallon taswirar, idanunta suka ciko.

"Kana nufin zan iya koyarwa ba tare da gabana yana faɗuwa ba?"

Ranar hutu ya je gidan. Umma ta ɗinka wa Abba aljihu na musamman mai maɓalli a cikin kowace riga. Auta ta zauna kusa da Dogo a falo suna zana da'irar tare, tana nuna masa da yatsa: a sa shagon mai aski a ciki, a sa bencin ƙofar gidan abokin Abba, a sa kantin kan kwana, amma kada ta kai babban titi. Da yake wayarta tana zama shiru in tana aji, ta roƙe shi ya bar tasa lambar a cikin manhajar, don shi kullum idonsa yana kan taswira.

"Amma ki sani," ya ce, "in na shiga rukunin masu ganin taswirar, ɗigonki ma zan iya ganinsa, ba na Abba kaɗai ba."

"Za ka duba?"

"Ba zan duba ba."

"To shi ke nan. Na yarda da kai."

Daga nan saƙonni suka fara.

"Malama, Abba yana shagon mai aski, cikin da'ira. Ki ci gaba da darasinki."

"Na gode. Kai kuma ka ci abinci kuwa, ko taswirar za ka ci?"

Wata rana Abba ya tsallake layin, Dogo ya hau babur ya tarar da shi bai ma kai titi ba, ya dawo da shi suna hira. Da yamma saƙonta ya shigo.

"Yau na yi dariya a aji har yara suka tsaya suna kallona. Na manta rabon da in yi haka. Kai ne sila."

"Ni kuwa tun ranar da kika shigo ofishinmu da takalmi tsinkakke ban sake yin aiki da cikakken hankali ba. Ki biya ni hankalina, Sanyin Idona."

Ya yi ta juya wayar a hannu. Can ta amsa.

"Ba zan biya ba, Dogona. Riƙe shi zan yi."

Da maganar soyayyarsu ta fito fili, yayanta, Yaya Babba, shi ne ya fara tsaya musu. Ya kira Dogo falo, ya bar shi tsaye kafin ya nuna masa kujera.

"Kai ne ka ɗaura wa mahaifinmu waya a aljihu kamar kwalin da za a kai wa mai saye?"

"Yaya, don kada ya ɓata ne."

"Kuma yanzu ka bi ta wayar ka shigo mana gida. Aikin me ma kake yi? Gadin 'yan babur?"

Dogo ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suna zafi. Umma ta fi ɗanta taushi, amma maganarta ta fi shiga jiki.

"Ɗan nan, ba ƙin ka nake yi ba, Allah ya sani. Amma Likitan da ke duba Abbansu ya riga ka magana. Mutumin kirki ne, ya san ciwon gidan nan ciki da waje. Ni uwa ce, inda hankalina zai kwanta nake dubawa."

Abin da ya fi ci wa Dogo rai shi ne, da gaske Likita mutumin kirki ne. Sun haɗu a ƙofar gida, ya miƙa masa hannu da fara'a, har ya yaba dabarar wayar. Babu abin da zai kama ya ƙi shi da shi.

Abba kuwa, wata yamma da kansa ya washe, yana zaune a benci, ya yafito Dogo da hannu.

"Kai ne mai son Autata?"

"Ni ne, Abba."

"Na ga yadda take kallon waya tana murmushi. To ka hanzarta, ka turo manyanka. Kaina yana zuwa yana tafiya, ban san ranar da zai tafi bai dawo ba. Ina so in ba da ita da bakina, ina sane. In na yi magana, babu mai tsallake ta a gidan nan."

Dogo ya yi godiya har ƙasa. Amma bai turo kowa ba. An yi masa alkawarin ƙarin matsayi a ƙarshen shekara, yana so ya zo da abin da Yaya Babba ba zai sake kiransa mai gadin babura ba. Auta ta yi masa magana, ya ce ta ƙara haƙuri kaɗan. Daga baya, duk lokacin da ya tuna wannan "kaɗan" ɗin, sai ya ji kamar ya ciji yatsansa ya cire.

A cikin jiran ne kishi ya samu wurin zama.

Ya lura cewa duk ranar Laraba da yamma ba ta ɗaukar waya. In ya tambaya, sai ta ce wani uzuri ne, ta sauya magana. Wata Laraba, yatsansa ya kai kan ɗigonta kafin ya ankara. Ɗigon yana nan tsaye a kan asibitin Likita.

Ya rufe manhajar da sauri. Ya ce wa kansa maganin Abba ta je karɓa. Amma ya san ba ranar karɓar magani ba ce.

Da ya tambaye ta kai tsaye, da an wuce wurin. Bai tambaya ba. Ya buɗe taswira, ya sa yatsa ya zana da'ira ta biyu, 'yar ƙarama, kewaye da asibitin, ya ɗaura ta a kan wayarta ba tare da ta sani ba. Aikin da hannunsa ya saba ne, ko numfashi biyu bai ɗauke shi ba.

Daga ranar, kowace Laraba wayarsa tana ƙara. "Auta ta shiga." Sai bayan dogon lokaci, "Auta ta fita." Yana zaune yana kallon rubutun, yana dafa kansa da kansa. Saƙonninsa suka gajarce. In ta rubuto "Dogona, lafiya kuwa?" sai ya amsa da "Lafiya."

Ranar da abin ya fashe, suna tsaye a ƙofar makarantarsu bayan an tashi, yara suna wucewa suna gaishe ta.

"Me kike yi a asibitinsa kowace Laraba?"

Ta tsaya cak. "Wa ya gaya maka?"

"Ba wannan na tambaye ki ba. Kina shiga, ba kya fitowa sai rana ta kusa faɗuwa. In shi kika zaɓa, ki faɗa mini, ba sai kin mai da ni abin dariya ba."

Ta dube shi, ta dubi wayar da ke hannunsa. Ya ga lokacin da ta gane. Fuskarta ba ta nuna fushi ba, wani irin sanyi ta yi da bai taɓa gani ba.

"Ba ni wayar."

Ya miƙa mata. Ta buɗe manhajar ta ga da'irar, ta ga jerin saƙonnin shiga da fita.

"Akwai wani ɗaki a bayan asibitin," ta ce a hankali. "Masu jinyar iyayensu ne suke taruwa a can. Wata nas tana koya mana yadda za mu yi musu wanka ba su ji kunya ba, yadda za mu ba su abinci in sun ƙi. Bayan haka kowa ya faɗi abin da ke cin ransa. Ni kuka nake zuwa yi a can, Dogo. A gida ba zan yi ba saboda Umma. A gabanka ban so in yi ba, don kai kaɗai ne wurin da nake dariya. Likitan ma ba ya nan ranar Laraba. Kuma tun tuni na faɗa masa ya yi haƙuri, ina da wanda nake so."

"Auta..."

"Abba ba shi da lafiya, shi ya sa muka zana masa layi, kuma kullum sai na ji nauyin hakan a raina. Ni me ya same ni da ka zana mini?"



A gabansa ta ciro tata wayar, ta cire lambarsa daga rukunin. Ta miƙa masa tasa, ta juya ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Ya rubuta mata saƙonni har ya gaji. "Na yi kuskure, ba ni da hujja. Ki yafe mini." Ba amsa. "Ko ba ki yafe ba, ki mai da lambata saboda Abba. Ba zan ga naki ɗigon ba, zan nuna miki yadda ake rufe shi." Wannan kaɗai ta amsa.

"Na sa Yaya Babba a madadinka. Kada ka sake rubuto mini."

Watanni suka shuɗe. Ƙarin matsayin ya zo, aka ba shi ofis mai ƙofa, abokan aiki suka yi ta taya shi murna. Shi kuwa ya zauna a sabuwar kujerar ya rasa wanda zai gaya wa.

Sai wata rana da aka wuni ana ruwan sama, sunanta ya bayyana a wayarsa. Ya ɗauka nan take.

"Dogo, Abba ya fita." Da sauri take magana. "Tun safe. Ina gadin jarrabawa, an karɓe mana wayoyi. Yaya ya ce ƙarar tana damunsa a wurin aiki, ya kashe ta tun kwanaki. Umma ta ɗauka yana ɗaki yana barci. Ɗigonsa ya tsaya kusa da gada, ba ya motsi, na je babu kowa. Ina jin ruwa ya kashe wayar."

"Turo mini inda ɗigon ya tsaya. Kina ina yanzu?"

"Ina kan titi. Ban san inda zan dosa ba."

"Ki koma wurin Umma, kada a bar ta ita kaɗai. Zan kira ki."

Ya tura hoton Abba ga duk masu baburan kamfanin, ya raba musu unguwannin da ke kewaye da gadar, shi ma ya ɗauki babur ya fita cikin ruwan. Suka bi lungu-lungu suna tambayar masu shaguna. Rana ta yi nisa sosai kafin wani mai babur ya kira. Ya ga Abba a rakuɓe ƙarƙashin rumfar wani shago da ke rufe, can bayan tashar mota.

Dogo ya tarar da shi jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya babu takalmi, leɓɓansa suna kaɗawa. Ya cire rigarsa ya lulluɓe shi.

"Abba, ni ne. Mu je gida."

Dattijon ya dube shi kamar yadda ake duban bango.

Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi a asibiti, ƙirjinsa ya cika. Likita ya tsaya a kansa iya ƙarfinsa har ya tashi. Sai dai wanda ya tashin ba shi ne wanda ya kwanta ba. Ranakun nan da kansa kan washe, ya yi barkwanci, ya kira kowa da sunansa, ba su sake dawowa ba.

Dogo yana zuwa asibitin kullum, amma ba ya shiga ɗakin. A bencin baranda yake zama, in ana bukatar magani ya je ya sayo, in Umma za ta koma gida ya nemo mata mota. A nan Likita ya same shi wata rana, ya zauna kusa da shi.

"Ciwon nan dama gaba yake yi, ko da ruwa ko babu ruwa," in ji Likita. "Zazzaɓin ya ƙara masa sauri ne kawai. Kada ka ɗora wa kanka duka."

"Da lambata tana ciki, da bai kai titi ba."

Likita bai musa ba. Ya dafa kafaɗarsa, ya tashi.

A wannan bencin ne kuma Yaya Babba ya zo ya tsaya a kansa. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. 

"Ni na kashe ƙarar," ya ce. "Da hannuna. Kai kuma da na raina, kai ka ɗauko shi." Ya share fuska da tafin hannu. "Ka ci abinci kuwa?"

Auta ce ta ƙarshe. Ranar da za a sallami Abba ta fito baranda da jakar kaya a hannu, ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Kullum ina cewa da ban cire ka ba," ta ce, idonta a ƙasa.

"Daidai kika yi da kika cire ni. Ni na sa kika cire ni. Kin ba ni amana, na mai da ita abin leƙe. Kuma tun kafin wannan, Abba ya ce in hanzarta, na tsaya jiran kujera." Ya sunkuyar da kai. "Abin da na hana shi, ba zan iya mayar masa ba, Auta. Ban zo neman komai ba. Ina so ne kawai ki sani na sani."

Hawayenta suka fara sauka a kan jakar. A karon farko ta yi kuka a gabansa, bai ce ta daina ba, bai kuma ce komai zai wuce ba. Ya zauna har ta gama.

Ba a ranar ta yafe ba. Abin ya ɗauki lokaci, kuma bai matsa mata ba. Ya riƙa zuwa gidan da yamma yana taya Yaya Babba yi wa Abba wanka da aski, don yanzu ba ya iya zuwa shagon. Ya koyi ba shi abinci da ƙaramin cokali, ya koyi yin shiru in dattijon ya fusata ba dalili. In ya gama ya gaishe da Umma ya tafi.

Umma ce ta tare shi wata yamma a tsakar gida.

"Ɗan nan, har yaushe za ka riƙa shigowa kana fita kamar ma'aikacin asibiti? Ita tana ɗaki tana leƙenka ta taga, kai kana tafiya kana waiwaye. Ni na gaji da kallon ku. Na yi kuskure da na tsaya muku tun farko, kada ku ƙara mini da naku."

Da ya isa gida ya tarar da saƙo.

"Ban manta ba, kuma ba na jin zan manta. Amma na gaji da fushi da kai, ya fi ƙarfina. In wani abu ya sake damunka game da ni, bakinka za ka buɗe ka tambaye ni."

"Na yi alkawari. Wancan karon ma na yi alkawari na karya, don haka ba zan ce ki yarda da bakina ba. Ki ba ni lokaci ki gani."

"Na ba ka. Ka turo manyanka, Dogona. Wannan karon kada ka ce kaɗan."

Washegari kawunsa da yayan mahaifinsa suka je gidan.

An ɗaura auren ba tare da wani babban taro ba. Yaya Babba ne ya tsaya a madadin mahaifinsu, kuma da aka zo wurin da zai amsa, sai da ya yi gyaran murya ya sake yi kafin maganar ta fito. Masu baburan kamfanin suka cika layin da hon, malaman makarantarsu suka cika falo, Likita ma ya zo ya yi musu fatan alheri ya tafi da wuri.

Da jama'a suka ragu, Umma ta kama hannun amarya da ango ta kai su ɗakin Abba. An sa masa sabuwar riga fara, yana zaune a kujerarsa kusa da taga, hannayensa a kan gwiwa. Suka durƙusa a gabansa.

"Abbansu," in ji Umma, "ga yara sun zo gaishe ka. Yau aka ɗaura musu aure."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, da ladabin mutumin da baƙi suka shigo masa.

"Aure? Madalla, madalla." Ya karkata kai yana duban Auta. "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?"

Dogo ya ji yadda ta ɗauke numfashi. Ya runtse ido. Da zai iya sayen yammacin nan guda na kan benci da duk abin da ya mallaka, da ya saya.

"'Yar gidan nan ce, Abba," ta ce, tana murmushi hawaye suna zuba.

"To, to." Ya gyaɗa kai kamar ya fahimta. Ya ɗaga hannunsa mai rawa ya ɗora a kanta, ya ɗora ɗayan a kan Dogo. "Kina da hankali, daga gani. Duk wanda ya haife ki ya yi sa'a. Kai kuma ka riƙe ta da kyau, ka ji? Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya yi muku albarka, ku da abin da za ku haifa."

"Amin," in ji Umma daga bakin ƙofa, ta juya fuskarta ga bango.

"Amin, Abba," in ji Dogo.

Auta ta matso kusa. Ta kifa kanta a kan gwiwar mahaifinta, shi kuma ya ci gaba da shafa kan baƙuwar amaryar a hankali, yana kallon taga. Dogo ya nemo hannunta ya riƙe, ta damƙe nasa da ƙarfi, suka zauna a haka har Abba ya yi barci.